Wat 3000 a Ƙofar Kabuga



Da farko muna neman afuwar waɗanda suka zo da zaton za su ji lacca a kan siyasar ƙasa ko makomar ilmi. Abin da muka zo da shi ɗan akwati ne na ƙarfe, wanda bai fi ƙamus girma ba, ga shi nan a kan tebur, har yanzu bai daina ƙauri ba. Sunan wannan na'ura amfilifaya, watau abin da ke ƙara wa sautin rediyon mota ƙarfi kafin ya isa lasifika. A jikinta an rubuta da manyan haruffa cewa tana ba da wat 3000. Mu muka ƙona ta da hannunmu, kuma yadda aka yi muka ƙona ta shi ne rabin laccarmu ta yau.

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kabuga da yamma, yana jiran abin hawa zuwa titin Gwarzo ko zuwa cikin gari, ya san sautin da muke nufi. Kafin ka hango keken, ka riga ka ji dukan gangarsa a ƙirjinka. Wannan ƙofa kuwa ba baƙuwar ƙara ba ce. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya ja ganuwa daga Dukawuya zuwa Kabuga, daga nan zuwa Kansakali. Ta nan kuma sojan Ingila suka shiga birni ranar 3 ga Fabrairu 1903, bayan igwa ta yi magana. Sai dai ƙarar igwa ta yini guda ce. Tun da aka shigo da kekunan A Daidaita Sahu a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, musamman kuma tun da aka hana acaɓa a watan Janairu 2013 suka zama su ne ƙafar talaka, ƙofar nan take shan kiɗa daga hantsi har bayan lisha. Ga kuma motocin samari, da na 'yan rakiyar amarya, da na masu tallar magani.

Ba mu zo don mu zagi kowa ba. Ɗan sahun da ke yini a kan titi cikin rana da hayaƙi, yana neman abin da zai kai wa mai keke da abin da zai kai gida, yana da hujjarsa in ya nemi abin ɗebe kewa. Tambayarmu ta masu karatun lantarki ce: in ya je wurin mai gyaran rediyo ya ce a ƙara wa amfilifayarsa ƙarfi, me ake yi mata, daga ina ƙarin yake fitowa, wa kuma yake biyan kuɗinsa?

Mu fara da batir. Batirin mota yana ba da bolt 12, in inji yana aiki altaneta na caji ya kan hau zuwa wajen 14.4. Ƙa'idar da kowane ɗalibin aji ɗaya ya haddace ita ce, ƙarfin da lasifika ke samu shi ne bolt sau bolt, a raba da juriyar lasifikar, wadda a mota galibi om 4 ce. In aka yi lissafin nan, ko da an haɗa ɓangarori biyu na amfilifaya suna tura lasifika ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, iyakar abin da bolt 14.4 zai iya bayarwa ba tare da sauti ya gurɓace ba shi ne wat 26, a takarda ke nan. A zahiri ba ya wuce 18 zuwa 22. Wannan shi ne gaskiyar rediyon nan da ake rubuta wa wat 45 ko 50 sau huɗu a goshinta, mai ɗauke da ƙwayar TDA7388 ko 'yan'uwanta. Ba ha'incin wani kamfani guda ba ne. Bango ne da bolt 14.4 ya gina, babu mai tsallake shi da dabarar baki.

Amfilifaya ta daban, irin wannan ta kan tebur, an ƙirƙiro ta ne domin ta zagaye wannan bango. In kun buɗe ta za ku ga ta kasu gida biyu. Gida na farko ba ruwansa da kiɗa sam. Akwai wata 'yar ƙwaya, galibi TL494 ko SG3525, wadda ke umartar wasu taransistoci su riƙa kunna wutar batir suna kashewa sau 30,000 ko fiye a daƙiƙa guda. Wannan yankakkiyar wuta ita ake turawa cikin wata taransifoma mai kama da ƙawanya, wadda aka naɗe da wayar jan ƙarfe, ta ɗaga ta zuwa bolt 25 ko 35 ko sama, a gefe biyu. Gida na biyu shi ke karɓar wannan wuta ya sassaƙa ta daidai da siffar kiɗan. Saboda haka amfilifaya ba ta haifar ƙarfi. Famfo ce kawai, ruwan kuwa na batir ne. Wanda ya riƙe wannan magana ya fahimci duk abin da zai biyo baya.

To, yanzu ga yadda ake ƙara ƙarfin. Hanya ta farko ita ce wadda ƙwararru ke bi, ita ce kuma muka bi. Ana cire taransifomar a ƙara yawan naɗin gefen fita. Tamu tana da zagaye 4 a gefen batir, 7 a gefen fita, abin da ke ba da wajen bolt 25. Muka mai da 7 ɗin nan 10, wuta ta hau zuwa 36. Tun da ƙarfi bolt sau bolt ne, wannan ɗan ƙari na zagaye uku ya ninka shi, daga wajen wat 78 a kowane ɓangare zuwa kimanin 160, a takarda. Muka yi lissafi, muka sake yi, muka ga daidai, muka yi ta murna. Maigidan rumfar da ya ara mana kayan aikinsa, dattijo ne wanda bai yi boko mai zurfi ba amma ya shekara da shekaru yana shaƙar hayaƙin dalma, ya ɗauki allon ya juya shi, ya sa yatsa a kan manyan kafasitoci guda biyu ya ce, "Samari, kun karanta abin da aka rubuta a jikin waɗannan kuwa?" Muka ce, "Baba, ai sababbi ne." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Abin da aka rubuta a jikinsu shi ne bolt 35. Mu kuwa mun ɗora musu 36, cikin but ɗin mota, a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 a inuwa. Ba mu kai ƙarshen waƙa ta uku ba, muna gangarowa Kabuga, sai muka ji fas, kamar an fasa leda, hayaƙi ya biyo bayan kujera. Garin gyaran gira muka rasa ido. Da muka koma da ita rumfa, dattijon bai ce mana komai ba, sai ya miƙo mana kujera.

Kuskurenmu ya fi kafasita faɗi. Wanda ya zana amfilifaya ya auna kowane abu na cikinta daidai da ɗan'uwansa: kaurin waya, da yawan taransista, da faɗin ƙarfen da ke kwashe zafi, da girman fis. In ka ninka ƙarfin fita, ka ninka wutar da ake zuƙa daga batir, ka kuma ninka zafin da taransistocin fita za su sha. Irin wannan amfilifaya, wadda ake kira ajin AB, ko a rana mai kyau kusan rabin abin da ta ci zafi yake zama, ba sauti ba. Kafasita kuma, bisa ƙa'idar da masu ƙera ta suka sani, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanakinta biyu. Da ma ko ba ta fashe ran nan ba, da mun rage mata kwana. Ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska kuwa ba ta cikin lissafin wanda ya zana ta a wata ƙasa mai sanyi.

Hanya ta biyu ta fi arha, ta fi yawa, ta kuma fi ɓarna. Ba a taɓa cikin amfilifaya, sai a yi ta jera mata lasifiku a waya ɗaya. Lasifika biyu masu om 4 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 2, huɗu sun zama om 1. Lalle ƙarfi yana ƙaruwa, domin wutar da ke gudu ta ninka. Amma zafin da waya da gaɓoɓi ke yi yana tafiya ne da amfiya sau amfiya, watau in wuta ta ninka sau biyu, zafinsu ya ninka sau huɗu. Amfilifayar da aka yi domin om 4 in aka ɗora mata om 1, kamar jakin da aka yi wa mangala huɗu ne: zai yi taku kaɗan kafin ya durƙusa.

Akwai kuma abin da ba ƙarin ƙarfi ba ne ko kaɗan, ko da yake shi aka fi yi. A gefen kowace amfilifaya akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa da sukudireba, wanda aikinsa shi ne daidaita ta da ƙarfin sautin da rediyo ke aiko mata. Mutane sun ɗauke shi maƙunshin ƙarfi, sai su murɗe shi har ƙarshe. Amfilifaya ba ta iya fitar da abin da ya wuce wutar da ke cikinta. In aka matsa mata sai ta riƙa sare kawunan igiyar sautin, abin da ya kamata ya yi lanƙwasa ya koma mai kusurwa. Wannan shi ne gwarangwaram ɗin da kuke ji a keke, wanda wasu ke zaton alamar ƙarfi ce. Sautin da aka sare wa kai yana ɗora wa siririyar wayar da ke cikin lasifika zafin da ya wuce kima, musamman ƙananan lasifiku masu siririyar murya, har ta ƙone. Mutum ya sayi sabuwa, ya zagi mai kanti, ya mai da ita kan maɓallin nan da bai taɓa ba.

Idan fis ya gaji da wannan hali ya tsinke, a nan ake aikata babban laifi. Maimakon a tambayi dalilin tsinkewarsa, sai a naɗa masa silin waya ko takardar gwangwanin sigari. Fis shi ne mai gadin da aka ɗauka domin ya mutu a madadin mota. Batirin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda in waya ta taɓa jikin ƙarfe, kuma wayar amfilifaya tana bi ne ta ƙarƙashin kafet, kusa da soso da roba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a sa fis a kan wayar nan kusa da batir, kada tazarar ta wuce kamu guda. Wayar ma kanta abin dubawa ce. Mun sha ganin an ja wutar amfilifaya da wayar soket ta gida, mai kaurin murabba'in milimita 2.5. In amfiya 50 ta bi mita 5 na irin wannan waya, kusan bolt 2 sun salwanta a hanya, wayar kuma tana fitar da zafin wat 80 da 'yan kai, a ƙarƙashin ƙafar fasinja. Wata wayar kuma da ake sayarwa da kauri abin sha'awa, in ka kankare ta sai ka ga alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, alhali alminiyam ya fi jan ƙarfe tauye wuta da wajen kashi 60 cikin ɗari.

Wannan ya kawo mu ga lambar da ke jikin akwatin nan. Kafin amfilifaya ta ba da wat 3000 daga bolt 14.4, ko da ba ta ɓarnatar da komai ba, sai ta zuƙi amfiya fiye da 200. Altanetar ƙaramar mota ba ta cika wuce 70 zuwa 100 ba, daga ciki kuma fitilu da fanka da inji ke ci. Na keke bai ko kama ƙafar wannan ba. Ku juya akwatin ku duba fis ɗinsa: amfiya 30 ne. Talatin sau 14.4 ya ba da wat 432, shi ne iyakar abin da zai iya shiga, rabinsa da ɗoriya ne zai fita. Duk wanda zai shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa sayen amfilifaya, ya kyale zanen walƙiyar da ke jikin kwali, ya karanta fis. Wannan rigima ba a kanmu aka fara ta ba. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa faɗin ƙarfin amfilifayar gida, saboda ƙaryar ta yi yawa. Daga baya masu sana'ar suka fito da ma'aunin CEA-2006 domin ta mota, wanda ya ce a auna a bolt 14.4, da lasifika mai om 4, gurɓacewar sauti kuma kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari. Kayan da ba su bi wannan ma'auni ba, abin da mai fenti ya ga dama shi yake rubutawa.

Amma a ce komai ya tafi daidai. A ce mun canja kafasitoci, mun ƙara taransista, mun sa fanka, mun ja waya mai kyau, ƙarfi ya ninka ba tare da hayaƙi ba. Me muka samu? A nan ne abin ya ba mu kunya fiye da ƙonewar. Kunnen ɗan Adam ba ya ƙirga wat. Ana auna ƙara da desibel, kuma ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, abin da kunne zai ce an ɗan ƙara, shi ke nan. Kafin mai sauraro ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, watau an ninka ƙarfi sau goma. Mun sayar da lafiyar na'ura, mun wahalar da batir, a kan ɗan abin da taku ɗaya ko biyu na maɓallin rediyo ke bayarwa.

Wanda ya gane wannan tun tuni, ba tare da ya shiga aji ba, shi ne mai tallar maganin gargajiya. Ku lura da motarsa in ta tsaya a bakin kasuwa. Amfilifayarsa 'yar ƙarama ce, batir ɗaya ya ishe ta yini, amma muryarsa tana ƙetare titi huɗu. Asirin yana kan rufin motar, a lasifikar nan mai siffar ƙaho. Lasifikar mota ta yau da kullum wajen kashi 1 cikin ɗari na wutar da ta ci take mayarwa sauti, in aka ba ta wat ɗaya ta kan ba da desibel 88 zuwa 90 a tazarar mita guda. Mai ƙaho kuwa ta kan ba da 105 ko fiye da wat ɗayan nan. Bambancin desibel 15 daidai yake da ninka ƙarfi sau talatin. Ba muna cewa a ɗaura ƙaho a keke ba, Allah ya kiyaye, kuma ƙaho ba ya fitar da dukan ganga. Abin nufi shi ne, wanda ke son sauti ya fara da lasifika da akwatinta. Lasifikar da ta fi wata da desibel 3 ta ba ka abin da muka ƙona amfilifaya muna nema, ba tare da ta ƙara cin ko amfiya ɗaya ba. Lasifikar da aka rataye tsirara kuwa, iskar gabanta da ta bayanta suna kashe juna, ƙasan sautin ya ɓace. Akwatin katako mai kauri, wanda aka toshe kafofinsa aka kuma yi shi daidai girman da lasifikar ke bukata, ya kan dawo da abin da ake zaton sai da wat ɗari ake samunsa. In kuma lalle sai an sake amfilifaya, akwai ajin D, wadda ke mai da kashi 80 zuwa 90 na abin da ta ci zuwa lasifika, ga ta da sauƙin zafi. Ga keke mai ƙaramin caji, ita ce ta dace.

Saura mai biya na ƙarshe, wanda ba a shawarce shi ba. A cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi, su ke mai da motsin iska ya zama ji, kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 na awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3 kuwa yana raba lokacin biyu. Watau 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa guda, 100 minti 15. Ku dubi yadda lissafin ya juya mana baya: desibel 3 ɗin nan da kunne ya raina wajen jin daɗi, shi ne ke raba lokacin lafiyarsa biyu. Lasifika mai ba da desibel 90 da wat ɗaya, wat 10 kawai take bukata ta kai 100. Gaskiya ne kiɗa yana hawa yana sauka, kuma ma'aunin yana rangwanta wa sauti mai kauri, amma a keke lasifikar tana bayan kujera ne, ba ta kai mita guda daga kan fasinja ba. Fasinja dai zai sauka a Gadon Ƙaya ko Tal'udu. Direba shi ke nan zaune har dare, gobe ma haka. Shi ne zai fara jin ƙugi a kunne in ya kwanta, sa'an nan ya fara cewa mutane ba sa ɗaga murya, sa'an nan ya koma rumfa ya ce amfilifayarsa ta yi sanyi a ƙara mata ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. A Nijeriya ma akwai dokar ƙayyade ƙara ta 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, sai dai wanda ya tsaya a Kabuga da la'asar zai iya yanke wa kansa hukunci a kan nisan da ke tsakanin takarda da titi.

Mu ɗalibai muna da namu rabon laifin. Tsakanin ajinmu da rumfunan masu gyara tafiyar ƙafa ce, amma sai mu shekara huɗu ko biyar ba mu taka ba, sai ran da rediyonmu ta lalace. Dattijon da muka ambata bai san sunan ƙa'idar Ohm ba, amma yatsansa ya sauka a kan abin da zai fashe tun kafin mu kunna. Mu kuma mun san dalilin da ya sa desibel 3 bai taka kara ya karya ba, abin da shi bai taɓa ji ba, kuma da muka yi masa bayani ya ce da ya sani da ya hutar da mutane da yawa asarar kuɗi. Tun daga ran nan muke komawa wurinsa duk Asabar, mu zo da takarda, shi ya zo da hannu.

Ga abin da muka koya tare, wanda kowa zai iya yi da mitar awon wuta ta hannu. A cire wayoyin lasifika. A sa wa rediyo sauti guda miƙaƙƙe mai kaɗawa 50 a daƙiƙa, ana samunsa a wayar hannu, a ɗaga murya zuwa kashi uku cikin huɗu, a kashe duk wani ƙarin ganga. A ɗauki ƙarfin gaskiya na amfilifayar, ba na kwali ba, a ninka shi da om na lasifika, a nemi tushen lambar. Alal misali wat 60 sau om 4 ya ba da 240, tushensa kuwa 15.5. Sai a ɗora mita a bakin fita, a murɗa ɗan maɓallin nan a hankali har ta nuna bolt 15.5, a tsaya nan, a ɗiga masa jan farce domin a gane in wani ya taɓa.

Shugaba, lokacinmu ya cika. Mun bar murfin amfilifayar a buɗe. Mai son ganin kafasitar da ta fashe da naɗin zagaye goman nan ya matso bayan tambayoyi, sai dai a yi hankali da gefen hagu, yana shafa baƙi a riga.